Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu riƙe da ilimin firamare a arewacin Kamaru: na'urorin kunnen 'ya'yanmu suna kwance a kabad

Zuwa ga wakilan ilimin firamare na yankunan Arewa, Arewa Mai Nisa da Adamawa, da sufetocin makarantu, da magadan gari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci. Ni mai gyaran rediyo da wayoyi ne a Garwa. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina shaƙar hayaƙin dalma a rumfata. Ban yi karatu mai zurfi ba, ban kuma saba rubuta wa manya ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ina da 'ya mai shekara 11 wadda ba ta ji sai kaɗan-kaɗan da kunnen hagu. Ina magana da yawuna da na wasu iyaye da muka san juna a bakin ƙofar makaranta da kan bencin asibiti, Musulmi da Kirista, Hausawa da Fulani da sauransu. 'Ya'yan wasunmu kurame ne tun haihuwa, na wasu ciwo ne ya tafi da jinsu, na wasu kuma kunnen ne ya yi nauyi a hankali ba tare da kowa ya lura ba.

Abin da ya tayar da wannan wasiƙa ƙaramin abu ne. Da aka koma makaranta, kayan fara shekara da ake kira paquet minimum suka iso, alli da rajista da biro da takardu, sai na tambayi shugaban makarantar 'yata ko akwai batirin na'urar kunne a ciki, wato 'yar na'urar nan da ake sa wa mai raunin ji don ta ƙara masa ƙarfin sauti. Ya yi dariya, ba ta raini ba, dariyar mutumin da aka tambaye shi abin da bai taɓa ji ba. Sannan ya buɗe kabad ya nuna mini wata leda. Na'urorin kunne ne a ciki, ƙura ta rufe su. Na san su sarai, don ina wurin ranar da aka raba su. Wata ƙungiya ce ta zo daga waje shekara biyu da suka wuce, aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna. Allah ya saka musu da alheri, da niyya mai kyau suka zo. Kowane yaro ya samu na'ura da kati ɗaya na batir shida. A yammacin ranar 'yata ta tsaya cak a tsakar gida tana kallon uwarta tana daka, don rabonta da jin ƙarar taɓarya tun tana da shekara huɗu. Kafin wata uku batir ya ƙare. Yaran da iyayensu ba su san inda za su nemo wani ba suka mayar da na'urorin makaranta, shugaban ya ajiye don kada su ɓace. Ban ga laifinsa ba. Ba wanda ya ba shi ko dala ta batir.

Ranku ya daɗe, ba sadaka muka zo roƙo ba. Doka mai lamba 2010/002 ta ranar 13 ga Afrilu, 2010 ta ɗora wa ƙasa nauyin buɗe wa masu naƙasa ƙofar karatu: a ɗauke musu kuɗin makaranta duka ko wani ɓangare, a sassauta musu ƙa'idar shekaru, a tallafa musu wajen koyarwa. An jira har ranar 26 ga Yuli, 2018 kafin firaminista ya sa hannu a takardar da ta fayyace yadda za a yi aiki da ita. Mun kuma san an mayar da wasu makarantun gwamnati na haɗaka, inda mai ji da marar ji za su zauna a benci ɗaya. Mun yi murna. Sai dai zama a benci ɗaya daban, karatu daban.

Kuma yankinmu ba kamar kudu ba ne a wannan magana. Muna cikin ɗamarar sanƙarau da ta taso daga Senegal har Habasha. Sanƙarau ne ya kwantar da 'yata cikin bazara, ta tashi da rai, alhamdu lillahi, amma ta bar jinta a gadon asibiti. Allurar rigakafin sanƙarau ta MenAfriVac da aka fara yi a nan arewa a ƙarshen 2011 ta karya lagon nau'in A, sai dai akwai sauran nau'o'i. Ga ƙyanda, ga hangum, ga kunnen da ke zubar da ruwa shekara da shekaru, ga wasu allurai irin su jentamisin da kan taɓa ji idan ba a kiyaye ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara miliyan 34 ne a duniya ke da raunin ji mai buƙatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na raunin jin yara abu ne da za a iya karewa. Duk malamin da ke da yara ɗari a aji a Marwa ko Gider ko Kusiri, da wuya a ce babu ɗaya daga cikin irin waɗannan yara a gabansa.

Bari in fara da batir, tunda nan ne sana'ata. Batirin na'urar kunne ba irin na tocila ba ne. Da iska yake aiki: yana zuwa da 'yar takarda manne a bayansa, da zarar an ɓare ta ya fara ci, ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. Kowane girma da launin takardarsa, lamba 675 shuɗi, lamba 13 ruwan lemo, lamba 312 ruwan ƙasa, lamba 10 rawaya. Manyan na'urori na yara masu raunin ji mai tsanani 675 suke ci, kuma batir ɗaya mako ɗaya ne zuwa biyu, in ya daɗe uku. Ku lissafa shekarar karatu ta wata tara. Na zaga kantunan magani na gaji, sai dai in ba direban mota saƙo zuwa Yawunde ko in roƙi mai zuwa Yola. Wani uba ya zo rumfata da murna wai ya samo mafita, batirin agogo ya shiga daidai. E, yana shiga, girmansu ɗaya, amma ba ya jimawa yake mutuwa, kuɗi ne kawai ake zubarwa. Abin haushi, mu da rana ta yi wa yawa. A Botswana tun farkon shekarun 2000 aka fara haɗa cajar batirin na'urar kunne mai aiki da hasken rana, kuma kurame ne da kansu suke haɗa ta. Idan Botswana ta iya, Garwa da rana ke gasa mutum tun hantsi ba ta da uzuri.

Na biyu, kuma nan ne zan daɗe, don nan ne aka fi yin kuskure: ko da batir, na'urar kunne ita kaɗai ba ta isa a cikin aji. Mutane suna ɗauka kamar tabarau ce, ka sa ka gani. A'a. Ƙaramar lasifika ce da makirufo a jikinta, kuma duk wanda ya taɓa gyara lasifikar masallaci ya san makirufo ba ya zaɓe. Abin da ya fi kusa da shi, shi yake ɗauka. Murya tana raguwa da desibel 6, wato ma'aunin ƙarfin sauti, duk lokacin da nisa ya ninka. Malamin da ke mita ɗaya daga yaro, in ya koma mita biyu ya yi asarar 6, a mita huɗu 12, a mita takwas 18. Shi kuwa surutun aji bai ragu ba, yana nan kewaye da yaron. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada hayaniyar cikin aji ta wuce desibel 35 lokacin darasi. Ku zo ku tsaya a ajin 'yata. Yara sun haura ɗari, rufin kwano ba silin, ƙasa siminti, tagogi a buɗe, babura suna wucewa, ajin da ke maƙwabtaka yana rera jadawalin lissafi da iya ƙarfinsa. In damina ta sauka a kan kwanon nan, mai kunne biyu ma haƙuri yake yi. To na'urar ta tattaro duk wannan ta ƙara masa ƙarfi ta zuba a kunnen yarinya. Ta dawo gida da ciwon kai ta cire ta jefa a jaka, sai a ce yaran nan ba su san darajar abu ba.

Maganin wannan sananne ne, ba sabon abu ba ne. Malami yana rataya ɗan makirufo a wuyan riga, muryarsa ta tafi ta iska kai tsaye zuwa na'urar yaron, kamar yadda tashar rediyo ke isa akwatinku. Ko yana bakin allo ko yana ƙarshen aji, yaron yana jin sa kamar a gefen kunnensa yake magana. A da, da zangon FM ake yi, yanzu akwai na zamani irin su Roger na kamfanin Phonak. Waɗannan suna da tsada, na sani. Amma makirufo ɗaya yana iya ɗaukar yara da yawa a aji ɗaya, ba sai kowa da nasa ba. Akwai kuma mai sauƙi: makirufo da 'yar lasifika mai caji da ake ajiyewa a aji don muryar malami ta kai ko'ina daidai. Wannan ba ta wadatar da mai raunin ji mai tsanani, amma tana ceton masu nauyin kunne, tana kuma ceton maƙogwaron malamin da kan dushe kafin Laraba. Masu tallan maganin gargajiya a kasuwa suna da irinta, ranku ya daɗe. Ajin yara ɗari ne ba shi da ita.

Na uku, gyara. Ƙurar hunturu tana toshe ramin makirufo, zufar bazara tana cin ƙarfen batir, ɗan bututun roba yana bushewa ya tsage. Sannan roban da ke zama cikin kunne, wanda ake gwada shi daidai da kunnen yaro, ba ya girma tare da yaron. In ya yi sako-sako sai na'urar ta dinga fito, 'yan aji su yi ta dariya, yaron ya ji kunya ya cire. Sau ɗaya na kai 'yata a sake mata: mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, kwana huɗu rumfata a rufe. Iyaye nawa za su iya? Saita ƙarfin na'ura daidai da awon kunne aikin ƙwararru ne, ni ba na taɓa shi, ba na kuma ba kowa shawarar ya taɓa. Amma share ƙura, canza bututu da busar da laima, malami ɗaya a makaranta zai koya cikin yini guda.

Na huɗu ba ya ma buƙatar kuɗi sosai. A wurin 'ya'yanmu, gani ya kori ji ba karin magana ba ne kawai, haka rayuwarsu take. 'Yata tana karanta leɓe. Malami in ya juya wa aji baya yana rubutu yana bayani, ita darasi ya yanke. In ya tsaya gaban taga rana na bayansa, fuskarsa ta zama inuwa. In aka buga ƙarfen tashi, sai ta ga mutane sun miƙe ta bi su. Wata rana tana banɗaki aka buga, ta makara, aka zane ta. Fitila ɗaya mai walƙiya da ƙaramin faifan sola ta isa ta zama ƙararrawar ido, ni da kaina zan iya haɗa ta da tarkacen da ke rumfata.

Na biyar, ina so in faɗi abin da masu rabon na'urori ba sa son ji. Akwai yaran da na'ura ba za ta yi musu komai ba, jin ya tafi gaba ɗaya. Dashen na'ura cikin kunne da ake yi da tiyata kuwa ba zancen talaka ba ne. Waɗannan yara harshensu hannu ne, kuma harshe ne cikakke, ba nune-nune ba. Mu Hausawa ba baƙonmu ba ne, kuramen Kano suna da maganar hannu tasu tun kaka da kakanni. Andrew Foster, wani baƙar fata kurma ɗan Amurka da ya yi karatu a Gallaudet, jami'ar kurame ta Amurka, ya fara buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, kafin ya rasu a hatsarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya buɗe sama da talatin a ƙasashen Afirka, har da Kamaru da Cadi. Mutum ɗaya ke nan, ba shi da kasafin kuɗin ƙasa. Yau kuma a ce malami ya gama makarantar horon malamai, a tura shi makarantar haɗaka, bai iya ko "sannu" da hannu ba? Ku tuna yaronmu Hausa ake yi a gidansu, Fulatanci a kan titi, Faransanci a aji. Mai ji ma sai ya yi da gaske. Shi kurma ana so ya karanta Faransanci a leɓen malami alhali bai taɓa jin sa ba.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari da masu cewa waya ta gama komai. Gaskiya ne akwai manhajar Live Transcribe da Google ya fitar a 2019, kyauta ce a wayoyin Android, tana mayar da magana rubutu nan take, kuma tana jin Faransanci. Na gwada ta a rumfata, in wuri ya yi shiru tana ƙoƙari. Ga ɗalibin sakandare da ya riga ya iya karatu, alheri ce babba, kuma bai kamata a ƙwace masa waya a bakin ƙofa kamar ta sauran ɗalibai ba. Amma ɗan ajin SIL, wato ajin farko na firamare, da bai san baƙi ba, me rubutu zai yi masa? Abin da zai amfane shi shi ne darussa na bidiyo da maganar hannu, a zuba su cikin kwamfutar hannu ko katin waya, ba sai da intanet ba. Kuma kurame manya na yankinmu ne ya kamata su yi su, a biya su. Suna nan, wasu tela, wasu kafinta, wasu masu wankin mota, ba wanda ya taɓa neman su.

Sai jarrabawa. Yarinya ta yi shekara shida tana fama, ranar CEP, jarrabawar gama firamare, a zaunar da ita inda lambarta ta faɗa, ko da layin ƙarshe ne, wani baƙon malami da ba ta saba da leɓensa ba ya karanta dikte, wato shifta, yana yawo tsakanin bencuna. Wannan kunnenta aka auna, ba Faransancinta ba.

Akwai kuma waɗanda ba a ma san da su ba, su ne suka fi ba ni tausayi. Yaron da ake kira dolo, ko mai taurin kai, ko a ce "kunnen ƙashi gare shi", alhali kunnen ne da gaske ba ya ɗauka. Ya maimaita aji sau biyu, uban ya ce boko ba rabonsa ba ne, ya cire shi. A nan ba zan ɓoye namu laifin ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu iyaye muna ɗura wa kunne man gargajiya har ya lalace, muna ɓoye kurma a gida kamar abin kunya, wasu ma su tura shi bara. Wannan mun ɗauka, za mu yi ta faɗa a masallatai da majami'u da wuraren suna. Amma gano yaron tun da wuri aikin makaranta da asibiti ne, kuma yanzu ya yi sauƙi: a Jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu an ƙirƙiro hearScreen, wayar hannu ce da abin sawa a kunne da aka daidaita, cikin 'yan mintoci ake tantance yaro, ba sai likita ne ya riƙe ta ba.

To ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

Ga magadan gari: tunda an miƙa muku sayen kayan fara shekara, ku sa batirin na'urar kunne, ko batir mai caji da cajar sola, a cikin jerin, a duk makarantar da ke da yaro mai na'ura. Layi ɗaya ne a takarda. In kuna gyaran azuzuwa, ku fara sa silin a ajin da irin waɗannan yara suke, ku sa fitilar ƙararrawa. Kuma duk ƙungiyar da ta zo rabon na'urori a garinku, kafin ku ba ta rumfa da kujeru, ku tambaye ta wa zai kawo batir bayan wata uku, wa zai canza roban kunne baɗi. In ba ta da amsa, ku zauna da ita ku nemo amsar kafin a ɗauki hoto.

Ga wakilan ilimi da sufetoci: ku fitar da takarda ɗaya zuwa ga shugabannin makarantu, a zaunar da yaro mai raunin ji a gaba, ta gefen da kunnensa mai ɗan ji ke fuskantar malami, malami ya rubuta umarni a allo, kada ya yi bayani yana ba aji baya, kuma a daina dukan yaro don bai amsa kira ba sai an duba kunnensa. Ku sama wa kowace makarantar haɗaka makirufo na malami ko da guda ɗaya ne. Ku isar da kukanmu Yawunde cewa a sa maganar hannu cikin horon malamai a Garwa da Marwa da Ngaundere, ba taron kwana uku ba, darasi na gaske da jarrabawa, kuma a ɗauki kurame masu ilimi su taimaka a aji. A jarrabawar CEP da ta shiga sakandare, a rubuta sunayen yaran tun lokacin rajista, a ba su wurin zama na gaba da ƙarin lokaci da mai fassara da hannu, a kuma musanya musu dikte da wani gwajin rubutu da ba ya rataya a kan kunne. Sannan ku haɗa kai da ma'aikatan lafiya a riƙa tantance jin yara a shekarar farko, a kuma samu ƙwararre da zai riƙa zagayowa manyan garuruwan nan uku ko da sau biyu a shekara don awo da gyaran roban kunne.

Roƙo na ƙarshe shi ne mafi sauƙi. Ranar 3 ga Maris ce ranar ji ta duniya. Kafin ta zo, ku sa kowane sufeto ya buɗe kabad ɗin makarantun da ke ƙarƙashinsa, a ƙirga na'urorin da ke kwance, a rubuta sunan mai kowace. Mu masu gyaran rediyo na Garwa na yi magana da wasunmu, a shirye muke mu share su, mu gwada su, mu ware masu rai da matattu ba tare da karɓar ko dala ba. Na leƙa ledar nan da ke kabad ɗin makarantar 'yata, na gwada uku da batirin da ke aljihuna. Duk ukun sun tashi.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi muku jagora a kan amanar da ke wuyanku.

Naku,
Wani uba mai gyaran rediyo, a madadin iyayen yara kurame da masu raunin ji,
Garwa.